Shi ne ko ita

Litinin, 8 ga Mayu, 2006
Thaddeus, manomin da ke kawo wa sashenmu na bincike ƙwari, ya zo da tautau a gwangwani. Girmansa ya kai tafin hannuna. Bayan dutsen Mpape ya tono shi, inda ake fasa duwatsu. Na taɓa murfin, ya yi wata ƙara kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Na ce a'uzubillahi.
Na ji nauyin cewa namiji ko mace, sai na ce, "Shi ne ko ita?"
Ya ce, "Shi ne, Hajiya."
Na rubuta a kati: namiji. Shekara sha ɗaya ina rubuta irin katin nan, ba a taɓa gyara mini ba.

Laraba, 10 ga Mayu
Dokta Lukmanu, shugaban sashenmu, ya bugo waya daga Legas. Wai tautaun gashin gindin ƙafafunsa yake gogawa ya ba da ƙarar, kuma da gashin ake gane danginsa. Mace a bar ta da rai, ba a cika samunta ba. Namiji a sa shi a sifirit, ruwan adana gawar ƙwari, dama ba ya daɗewa.
"Me katinki ya ce?"
Na faɗa masa.

Alhamis
Na saka shi a sifirit. Ya yi ƙarar sau biyu a cikin kwalba. Ban iya cin abinci ba.

Talata, 16 ga Mayu
Thaddeus ya dawo, ya ce, "Matata Justina yana gaishe ki." Ashe har matarsa "shi" ce a bakinsa. Na tambaye shi da kalmar da ya kamata tun farko.
"Ah, mace ne mana! Yana kan ƙwai na same shi."
Ramin da ya tono ta kuma babu, nakiyar masu fasa dutse ta tashi da gefen ranar Asabar.

Juma'a, 19 ga Mayu
Dokta ya dawo, ya duba tautaun a madubin ƙara girma, ya buga tebur. Ya ce wa ya ce namiji ne. Na ce Thaddeus. Ba ƙarya na yi ba. Ya ce kada ya ƙara ganinsa a ofishin.

Litinin, 22 ga Mayu
Mai gadi ya ce Thaddeus ya zo da wani gwangwanin, ya tsaya a get yana tambayata. Na ce a ce ina taro.
Na rubuta sabon kati: mace. Tsohon na yaga ƙanana. Rubutun ya fito tsaf.