Inna, Sabulunki Ya Yi Kumfa

Zuwa ga mahaifiyata Inna, a makwancinki na bayan ganuwa. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Bayan haka, albishirinki.

Sabulunki ya yi kumfa, Inna! Ina rubutun nan kumfar ma ba ta gama bushewa a zanena ba.

Kin tuna yadda matan Ƙofar Jatau suka yi miki ca, wai sabulun salonki algus ne, ba ya kumfa, sai wani farin dusa-dusa a kan ruwa. Goggo Hansai, wadda ke ɗibar ruwa a rijiyarmu safe da yamma ba ko sannu, ita ta fara cewa toka kike zambaɗawa. Kika daina dafa sabulu, kika tafi kabari da sunan mai ha'inci. Ni ban yafe ba, kada ma ki roƙe ni.

To ashe ruwan rijiyarmu ne, wanda matan unguwa ke wanki da shi. Ɗanki Garba, da yanzu yake aiki wajen masu binciken ƙasar noma a Samaru, shi ya ɗanɗana ya ce rijiyarmu alli ne narke a cikinta, shi ke kashe kumfa. Da labari ya kai kunnen ƙanenki Kawu Bala, sai ya rantse zai sa a cike ta kafin damina, wai rijiyar tsiya ce. Rijiyar da kika sayar da tasoshin aurenki aka haƙa!

Garba ya aro mini wani littafi, na bi shi da yatsa har na gane dabarar. Na ɗebo yumɓu a kududdufin Ƙofar Gayan, na murza ƙanana kamar ƙwayar dawa, na gasa sama-sama, na tafasa a ruwan kanwa, na jiƙa a ruwan gishiri, na ɗauraye. Na zuba a tulu mai huda a gindi, na kwarara ruwan rijiyar a kai. Karon farko ya dame ya zama kunu, maƙwabta suka sha dariya. Na sake, na ƙara masa wuta.

Kin san abin da yumɓun ke yi? Ciniki, Inna! Ya riƙe gishiri a jikinsa, in ruwa ya ratsa sai ya saki gishirin ya cafke allin. In ya ƙoshi, a sake jiƙa shi a ruwan gishiri ya koma sabo. Littafin ya ɓata shafuka yana kewaye-kewaye, ni kuwa na tuntsire da dariya, don ke kin gama zancen tuni a bakin murhu: "Zaman duniya, 'yar nan, ba ni gishiri in ba ki manda."

Ɗazu na buɗe ƙwaryarki, na ɗauko dunƙulen sabulu na ƙarshe da kika bari. Ya bushe kamar dutse, amma ƙamshin hannunki na nan. Na cuɗa a ruwan da ya ɗiga daga tulun. Kumfa ta taso fara fat har gwiwar hannu, na durƙusa ina kiran sunanki.

Na kira Kawu Bala ya gani, ya shafa gemu ya ce a bar rijiya. Goggo Hansai kuwa, na aika mata kumfa cike da akushi, na ce ta wanke bakinta.

Allah ya sanyaya makwancinki, ya shayar da ke ruwan Alkausara mara gauraye, ya wanke ki fes kamar yadda sunanki ya wanku yau. Amin.

Taki har abada,
'yarki Asabe.