Kwandon da Ya Daina Sauka

Birnin Mansura, ranar Juma'a bayan la'asar

Zuwa ga ƙanena Midhat,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka, tare da addu'ar takardar nan ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Shirin da yara. Allah ya ba ka juriyar sanyin Milano, ya sa albarka a guminka, ya kare ka daga sharrin dare da na rana. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Maigidana Wajdi yana fama da gwiwarsa amma bai fasa fita aiki ba. 'Yata Rihab ta shiga ajin ƙarshe, karatu ya ramar da ita har kayanta sun yi mata yawa. Ɗalibaina ma jarrabawa ta matso musu, ina ta lallashin masu tsoro ina tsawata wa masu wasa.

Na san za ka yi dariya in ka ga takarda da biro a wannan zamani, kai da ko gaisuwar Sallah a waya kake aikowa. Na sha fara rubuta maka a waya ina gogewa. In kuma kira ka yi, Mama tana kwance a ɗakin Rihab, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ƙugunta ne ya karye, kunnenta lafiyarsa lau. Shi ya sa da na ji abokinka Ra'afat zai koma wajenku na ce bari in zauna in faɗa maka komai a tsanake.

Aikin da aka yi mata ya yi kyau, raunin yana haɗewa. Likita ya ce za ta taka da sanda a cikin gida, amma ita da matakala sun rabu ke nan. In ta hau gidanta ba za ta sauko ba sai an ɗauko ta. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta ci, ba ta hira. Na yi mata miyar lalo da tafarnuwa yadda take so, ta ɗanɗana ta ce ta yi daɗi, ta ture kwanon. Matar da ba ta taɓa cin girkina ba tare da ta gano abin da na rage ba, yau wai ya yi daɗi.

Na ga saƙonka na agogon hannun da ke sanar da mutum in mai shi ya faɗi, da ƙarin kyamara biyu da kake son a sa, ɗaya a kicin ɗaya a hanyar banɗaki. Na san tausayi ne da fargaba suka sa ka. Kuma ka san ni ba maƙiyiyar na'ura ba ce. Ni ce nake tsayawa gaban 'yan mata ina nuna musu a allon kwamfutar hannu yadda zuciya ke harba jini, abin da mu a zamaninmu sai dai malami ya zana da alli ya ce mu ƙaddara. Na'urar awon jinin da ka aiko mata ta yi mana rana, injin wanki ya hutar da yatsunta, kuma ba don waya ba da ba ta ga giɓin ɗanka Yasin ba ranar da haƙorinsa ya fita. Duk wannan na yarda da shi. Amma kafin ka sayi wani abu kuma, ka saurari abin da na gano.

Ka tuna kwandon nan na kaba mai shuɗiyar igiya. Tun muna yara, da hantsi ya ɗaga Mama za ta fito baranda ta zura shi daga hawa na huɗu zuwa amalanken Ammu Gabir mai kayan miya, daga nan kuma a buɗe fagen faɗa. Ita ta ce tumatir ɗinsa ya girmi kakarsa, shi ya ce ai ya fi kumatunta ja ranar da aka kawo ta amarya layin nan. Ta ce masa ɓarawon zaune, ya ce in ɓarawo ne shi me ya hana ta zura wa mai gaskiya kwandon. Ta ja ya hau, ta tsince masu taushi ta sake zura masa su, tana kiran Ummu Adil ta barandar da ke fuskantarmu ta zo ta shaida zalunci. Mu a lokacin kunya abin yake ba mu. Sai yanzu na gane cewa da kwandon nan layinmu yake sanin Mama ta kwana lafiya. In mai gurasa ya wuce kwando bai sauko ba, Ummu Adil ta dinga ƙwala kiran Ummu Midhat ke nan har sai an amsa. Ko bayan rasuwar Baba, ba wanda ya tambaye mu ko ta samu sauƙin zuciya. Ranar da aka ga kwandon yana sauka, matan layi suka ce alhamdu lillahi, ta miƙe.

Da ka zo bara ka ga igiyar ta yi mata kanta a tafin hannu, ka ga yadda take leƙawa har rabin jikinta ya wuce ƙarfen baranda, ka ce wannan wahala ta ƙare. Gaskiyarka ne, ni ma leƙen nan yana tsorata ni. Ka shirya yadda za ka riƙa yi mata sayayya ta wayarka daga can, mai babur ya kawo har ƙofa a leda. Ba ta musa maka ba. Ta gaya mini daga baya wai ɗa ya yi gumi a ƙasar mutane ya aiko, ita wace ce da za ta ce ba ta so. Kwando ya koma kan kabad. Ammu Gabir ya yi makonni yana tsayawa ƙasan baranda yana kira, sannan ya daina. Ya tare ni wata rana ya ce wai Hajja ta zama Baturiya, yanzu tumatir ɗinta daga Italiya yake zuwa, a gaya mata talaka yana gaisuwa.

Sai batun kyamarar falo. Kai ka riga ka koma lokacin da mutumin shagon ya zo haɗa ta. Da ya gama, don ya gwada, sai ya buɗe a wayarsa ya nuna wa Mama, yana dariya yana cewa ga ki nan Hajja, kin fito kamar tauraruwar fim. Daga nan ya ce ya mayar da ita wayarka, ya goge a tasa. Na yarda ya goge. Mama ba ta taɓa yarda ba. Abin da idonta ya gani shi ne falonta a hannun namijin da ba muharraminta ba, kuma ba bayanin da zai kankare mata wannan. Tun daga ranar ta ɗauki falon nan tamkar titi. Ba ta ratsa shi sai da abaya da mayafi. Ta daina kishingiɗa a kujerar Baba, ta daina salla a wurin da ta saba, kuma da yake ƙofar baranda ta falon take, ta daina fita shan iska. Ta tattara rayuwarta ta kai kicin, ita da 'yar kujerar tsuguno da rediyonta. In ka kira ka ce ta zo ta ɗaga maka hannu, sai ta shirya ta zauna kamar baƙuwa, kai kuma ka ce mini ka ji daɗi, Mama kullum tsaf take. In na je sai ta ja ni kicin wai ya fi ɗumi. Ba ta faɗa wa kowa ba sai a asibiti, da ma'aikaciyar jinya za ta canza mata riga, ta riƙe hannuna ta ce in duba mata ko ɗakin nan ma yana da ido.

Yanzu ga abin da ban iya faɗa maka a waya ba. Da safe ta faɗi, santsin ruwa ya kwashe ta a gaban famfon kicin. Wayarta tana falo tana caji, a kan teburin da ke ƙarƙashin kyamarar. Da wannan karyayyen ƙugu ta ja jiki har bakin ƙofar falo. A nan ta tsaya. Kanta a buɗe yake, rigar gida ce a jikinta ta naɗe har cinya, mayafin kuma yana rataye a ƙusar da hannunta ba zai kai ba. Ta ce mini ta kalli wayar, ta kalli idon, ta ce gara ta jira hukuncin Allah da ta shiga hannun wani ƙato a haka. Da ta ƙara jan jiki kaɗan, da ka gan ta. Ta yi kira, tagogi a rufe. Mai babur ya zo ya danna ƙararrawa, bai ji motsi ba, ya ajiye leda a ƙofa kamar yadda aka umarce shi, ya ɗauki hoto, kai kuma saƙo ya iso maka cewa kaya sun isa. Ka gaya mini ka duba falon a wayarka ka gan shi a share a gyare, ka ce barci take. Ummu Adil ba ta yi kira ba, don ta daɗe da daina sa ran ganin kwando. Sai bayan la'asar maƙwabcin sama ya tarar kyanwoyi suna yagar ledar kaza a bakin ƙofa, ya buga mini waya. Da na buɗe na same ta leɓɓanta sun bushe, jikinta sanyi ƙalau. Ba ruwa ta fara roƙo ba. Cewa ta yi in rufe mata kai, in jefa zane a kan idon nan, sannan in kira mutane.

Kada ka karanta wannan ka ce laifi nake ɗora maka, ɗan uwana. Kowace na'ura ta yi aikin da aka sa ta. Kyamara ta nuna falo, saƙo ya iso a kan lokaci, kaza ta zo da sanyinta. Mama kaɗai ce ba ta cikin abin da suke gani. Shi ya sa gabana ya faɗi da na ji batun kicin. Nan ne kaɗai wurin da ya rage mata da take tuɓe ɗankwali. In aka sa ido a can, ban san inda za ta koma ba.

Tana son komawa gidanta. Na roƙe ta ta zauna da mu, ta ce tagar ɗakin Rihab bango take kallo, ita ba a kabari take ba tukuna. Na tuna mata maganar likita, cewa in ta hau ba sauka. Ta ce ta ji, ai kwando ne zai riƙa sauka a madadinta. Abu uku ta nema: a cire idon, a mayar mata da kwandonta, kuma kai ne za ka hau da ita. Na ce Wajdi da mazan layi za su ɗauke ta a kujera gobe ma in tana so. Ta harare ni ta ce ita ba juya ba ce, tana da ɗa, kuma matakalar nan ta goya Mido, wato kai, a kanta shekarar da ya karya ƙafa wajen ƙwallo, yana ƙato yana kuka yana cin gurasa a bayanta. Ta ce za ta jira. Likita kuwa ya ce kwanciyar nan ba ta yi wa mai shekarunta kyau, kuma marar ci ba ya tashi da wuri.

Biyu na farko na yi su. Shekaranjiya na je na zare kyamarar daga bango, in ka buɗe wayarka ka ga baƙi ba matsalar sabis ba ce, ni ce. Na sauko da kwandon na tarar cike yake da caja da kwalayen kayan da ka aiko, ta adana su cikin tsumma mai tsabta. Igiyar ta ruɓe, ina ja ta tsinke. A hanyar dawowa na haɗu da Ammu Gabir, ya kwance sabuwar igiya daga amalankensa ya ba ni, ya ce a gaya wa Hajja tumatir ya lalace tun da ya rasa mai zaginsa. Da na faɗa mata ta yi dariya, karo na farko tun faɗuwarta, ta ce tsohon ɓarawo, sannan ta juya fuska bango ta daɗe ba ta juyo ba.

Na ukun ba ya hannuna. Na san halin da kake ciki da maigidanka da batun hutu, ban raina wahalarka ba. Agogon nan in ka riga ka saya, kada ka aiko, ka riƙo shi a hannunka ka zauna gabanta ka tambaye ta. In ta ce a ɗaura, ni zan ɗaura mata. Amma duk cikin kayan da ake sayarwa a can babu wanda zai sa kafaɗa ya hau da ita hawa huɗu.

Ka gaishe mini da Shirin, ka ce mata na gode da addu'o'inta. Ka sumbaci Yasin da Lujain, ka gaya wa Lujain ina jiran ta karanto mini surar da ta yi alkawari. Wajdi da Rihab suna gaishe ka, Ummu Adil ma ta ce a gaida mutumin Turai, kullum tana zuwa dubiya tana kuka tana cewa da ta yi kira. Mama ba ta ba ni saƙo ba. Igiyar tana gefenta a gado, ta ɗaura ta a kwandon da hannunta. Ba ta taɓa tambayata yaushe za ka zo ba, sai dai duk motar da ta tsaya a ƙofar gida, sai in ga ta ɗago kai tana saurare har ta ji ta wuce.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, kuma ya sa da wuri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Abla Tahani