Da Sauƙi, Baba

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
2 ga Yuni, 1999

Zuwa ga ƙanena Haruna,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, karatu kuma yana tafiya daidai a Kartum.

Na san saƙon waya ya riske ka, amma gajere ne, kai kuwa ka cancanci cikakken bayani, domin a hannunka ta girma. Ranar Asabar 29 ga Mayu, da ƙarfe biyar da minti arba'in na yamma, Allah ya karɓi ran 'yarka, 'yata ta fari, tana da shekara ashirin da bakwai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ta zo gidan nan wajen sha ɗaya na safe, daga ɗan asibitin Darmanawa inda take taimaka wa likitoci. Mijinta Isyaku yana kwas a Kaduna. Hajiya, mahaifiyarta, ta tafi suna Ƙauyen Alu. Ni ina falo ina kallon bikin miƙa mulki a talabijin, ranar da na shekara goma sha biyar ina jira. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta wuce ɗakin mahaifiyarta. Bayan la'asar Hajiya ta dawo ta tarar da ita kwance, jikinta ya yi sanyi, magana ba ta fita. Muka sa ta a tasi zuwa babban asibiti. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ta cika ana shirin shiga da ita tiyata. Sun ce juna biyu ne na wata biyu, ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini ya zuba ta ciki. Ba wanda ya san da shi, har mijin. An binne ta washegari da ƙarfe tara a maƙabartar Tarauni.

Masu ta'aziyya suna yaba dauriyata. Ban tabbata dauriya ba ce. Har yau, in aka taɓa ƙyaure, sai na ɗaga kai.

Ka gaida iyali, ka sa ta a addu'a.

Yayanka,
Abdurrahman

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
11 ga Yuni, 1999

Zuwa ga ƙanena Haruna,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta yara. Muna nan yadda ka sani.

Wasiƙata ta farko ba ƙarya a cikinta, amma akwai giɓi, kuma da gangan na bar shi.

Shekaranjiya Likita Hamisu, babban likitan wurin aikinta, ya kawo kayanta: farar riga, abin awon jini, da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Da kunya nake gaya maka, sai a bakinsa na san mene ne aikinta. Na ɗauka rubuta kati take yi. Ashe ita ce ke fara ganin kowane mara lafiya, ta auna zafinsa da jininsa, ta saurare shi, sannan ta shigar da shi wurin likita da bayanin abin da ke damunsa. Ya ce su likitoci biyu suna duba mutum tamanin a yini, kuma da kunnenta suke ji. Ya yi murmushi ya ce ta sha tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Likita, wannan da ka sallama, gaisawa kawai kuka yi." Sai ta komo da mutumin, a kuma sami abin da aka rasa.

A shafin farko na littafin ta rubuta wa sababbin ma'aikata ƙa'ida. Ga ta yadda take: "Da sauƙi gaisuwa ce, ba amsa ba ce. A zauna. A kira sunan mutum. A sake tambaya."

Haruna, ga giɓin. Da ta miƙe daga gaisuwa, na gan ta ta dafa bango. Na ga leɓenta ya yi fari, hannunta ɗaya yana kan kafaɗa. Na ce, "Yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, Baba." Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na mayar da ido kan talabijin. Ka san tsakanina da ita. 'Yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa tsayar da ido a fuskarta ba, kamar yadda Baba ya yi da Yaya Garba. Ita ma ba za ta iya buɗe baki ta yi mini zancen ciki ba. Kowannenmu ya kiyaye ladabinsa, ba wanda ya yi kuskure ko ɗaya, ta kwanta awa biyar, bango ɗaya tsakaninmu.

Na tambayi likitan, da an kai ta da sha ɗaya fa? Ya ce kwana ne ya ƙare. Na ce na sani, na kuma yi imani da haka, amma iliminsa nake tambaya. Ya ce waɗanda aka kawo da wuri, galibi tiyata tana cetonsu.

Shekara talatin na yi ina koyar da nahawun Hausa. Ban san ma'anar kalmomi biyu ba.

Kada ka gaya wa kowa tukuna.

Yayanka,
Abdurrahman

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
9 ga Yuli, 1999

Zuwa ga ƙanena Haruna,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, na gode da nasiha. Ban musa ƙaddara ba, ba kuma zan musa ba. Jiya aka yi addu'ar arba'in.

A shafin ƙarshe na littafin nan akwai sunaye bakwai da kwatancen gidaje. Likita Hamisu ya ce mutanen da ba ta yarda da "da sauƙinsu" ba ne, ta yi niyyar bin su gida ranar Litinin. Ba a samu madadinta ba har yanzu, su kuma likitocin layi ba ya barinsu fita. Na roƙi izini in je, ba don in ba da magani ba, don in tambaya kawai in turo su. Ya yarda.

Na je gida huɗu. Wata tsohuwa, Inna Kulu, ta ƙare mini kallo ta ce, "Kai ne uban Malama? To, ba wurinka ta ɗauko fara'a ba." Sai ta rufe fuska da mayafi, domin a bakina ta ji rasuwar. Na uku Malam Ɗan'azumi ne, lebura daga Sumaila, mai ciwon suga, yana haya a bayan Darmanawa. Na ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Na ji ƙafafuna suna shirin tafiya. Na zauna a dakalinsa da babbar rigata, na kira sunansa, na sake tambaya. Sai ya kwance tsumman da ke ƙafarsa. Ba zan kwatanta maka abin da na gani ba. Na sa shi a tasi a take. Likita ya ce yatsu biyu za su tafi, ƙafar za ta tsira. Zaman da sake tambayar duka ba su kai minti uku ba, Haruna. Na duba agogo.

Hajiya ta tambaye ni tun ranar uku ko yarinyar ta ce mini wani abu da ta shigo. Na ce ta ce da sauƙi. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce haka take, ba ta son ɗaga hankalin mutane. Tun daga ranar take lallashina, tana kawo mini kunu da hannunta. Ba ta san na ga bangon ba.

Abin da ya rage ke nan. Saura gida uku. Ban gaya wa Hajiya ba, kuma wajibi ne in gaya mata. Sunan yarinyar kuma, na gwada shi ni kaɗai a ɗaki, bai fito ba. Zan fara da rubutawa: Zulaihat.

Ka gaida iyali. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Abdurrahman