Jan Fenti a Bakin Rijiyarka

Zuwa ga mahaifina, Malam Audu mai haƙar rijiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Shekara shida ke nan da muka raka ka makwancinka, sai yau na iya ɗaukar alƙalami.

Har yanzu ina ofishin ruwa, Baba. Kai da kake tsokanata wai na yi makarantar Midil don in zana rami a takarda, kai kuwa kana haƙa na gaske. To, ramin takardar nake ta yi. Bana an sa mu duba tsofaffin rijiyoyin Fagge da Sabon Gari, don famfo ba ya isar jama'a, gudawa kuma ta yi yawa. Wadda ruwanta ya ɓaci sai a shafa mata jan fenti a cike ta, ni kuma in zaɓi inda za a haƙa madadinta, in zana zurfinta da bakin siminti da murfi.

Da muka iso taka, ta ƙofar gidanmu, abokin aikina Mista Okeke, mutumin Sabon Gari mai kai ruwa gwaji, ya ce in bar masa wannan. Na ƙi. Ni na ja masa gugan. Gwaji ya dawo, ruwan ya ɓaci.

Ina tuna yadda kake yi kafin ka sa diga a ƙasa. Sai ka kwarara tulun ruwa, ka tsuguna kana kallon inda zai gangara. Kakan ce, "Rijiya ta inda ya fito, salga ta inda ya tafi." Na ji wannan ya fi sau ɗari.

Bayan rasuwarka tsohuwar salgarmu ta cika, na sa aka haƙa sabuwa. Hankalina duk yana kan kada mai tsugunawa ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Har liman na kira ya duba, ya ce ta yi. Ban kwarara ruwa ba, ni mai tef ɗin awo da taswira. Sai makon nan na zuba tulu a tsakar gida, na tsaya ina kallonsa yana bin gindin katanga daga salgar, ya miƙe wajen rijiyarka.

Ba ka san jikarka Binta ba, bayanka aka haife ta. Shekararta uku. Da damina ta rasu, kwana biyu kawai ta yi tana gudawa, yaran maƙwabta biyu suka bi ta. Ban yi kuka ba a lokacin, yanzu ma ban yi ba. Ina cin tuwo, ina zuwa aiki, ina fiƙe fensir. Jikina duka kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Da aka ga jan fentin, unguwa ta ɗauka cewa rijiyar Audu ce ta ci yara, wai tun farko ba ka iya zaɓen wuri ba. Da na gaya wa Okeke abin da na gano, ya ce in yi shiru, takardarmu ba ta tambayar laifin wane ne. Kai kuma ba ka nan balle ka musa.

Jiya bayan la'asar, a zaurenmu, gaban mai unguwa da iyayen yaran, na faɗa musu. Na ce shekara talatin ana shan ruwanka lafiya, ni na ɓata shi, na gaya musu yadda aka yi. Babu wanda ya zage ni. Malam Tanko, uban ɗaya daga cikin yaran da suka rasu, ya sa takalminsa ya fita.

Sabuwar rijiyar kan tudun hanyar tasha za a haƙa ta, nesa da kowane gida. Na riga na kafa turke.

Ban san matata Hauwa tana bayan ƙofa ba lokacin da nake magana. Wata huɗu tana cewa kwana ne ya ƙare, da haka take lallashin kanta. Da safen nan ta ajiye mini koko, ba ta ce "Malam, ga shi" ba, ta koma ɗaki. Na wanke sunanka, Baba, amma ban san ranar da za ta sake duban fuskata ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe mini. In an haɗa ka da Binta, ka riƙe mini ita. Tana tsoron baƙi da farko, amma in ka yi haƙuri da ita za ta zo.

Ɗanka,
Garba
Fagge