Bargon da Rahama Ta Fara

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Yau aka koma makaranta. Tun da safe yara ke wucewa ta ƙofar gidan hayarmu a nan unguwar Biafra, maza cikin kaki, mata cikin shuɗi da fari. Duk shekara, rana irin ta yau, sai fuskar Direktan makarantar da na koyar ta dawo min, da murmushin da ya yi lokacin da ya ce, "Metir Abdulmutallib, iyayen yara matasa suke so yanzu." Ɗan ƙanwarsa ya ba ajina. Yaron da ni na koya wa inda ake sa waƙafi. Fiye da shekara ashirin ke nan. Makarantar ta zama shagon tayal, Direkta yana kabari, ni kuwa ban huce ba, kuma ba ni da niyya.

Tun daga lokacin kwarashin matata Rahama ne ya riƙe gidan nan: hulunan jarirai, safa, barguna. Mutum da takardunsa na Faransanci yana cin abincin ulu. Ban taɓa son ganin ƙarfen nan a hannunta ba. Ga shi wata biyar da rasuwarta, yana cikin gwangwanin biskit a kan kabad, ni kuma na kasa ɗaga gwangwanin.

Alhamis, 12 ga Satumba

Firdausi ta zo daga unguwar Adjamé, cikinta ya yi nauyi, da ƙyar ta hau matakalar ƙofa. 'Yata ɗaya ke nan. Ta buɗe kabad ta ciro bargon da uwarta ta fara wa jaririn, ruwan ƙwai, ƙirarsa kamar ƙananan mafitai a jere. Bai kai rabi ba. Ta ce a ciki take so a naɗe abin da za ta haifa ranar suna, farkon Nuwamba in Allah ya yarda. Ita ba ta iya saƙa ba, kwamfuta ta iya.

Muka kira Haja Haulatu, aminiyar Rahama. Ta juya shi gaba da baya, ta ce ƙirar nan ta Rahama ce ita kaɗai, kuma hannu biyu ba sa haɗuwa a bargo ɗaya, sai dai ta warware ta fara daga tushe. Na fizge shi daga hannunta. Na ce ba wanda zai warware aikin matata. Ta ce, "To Metir, kai ka ƙarasa mana, tunda kai ne mai diflom." Firdausi ta yi dariya, ni ban yi ba.

Na ce na san wata tsohuwa 'yar Togo a Belleville da za ta ɗora a kai ba tare da ta taɓa layi ɗaya na Rahama ba. Babu wata tsohuwa.

Asabar, 14 ga Satumba

Na ɗaga gwangwanin.

Talata, 17 ga Satumba

Na rufe ƙofa da taga da rana tsaka, zafi kamar gidan burodi. Wata mata a bidiyon waya tana ta "c'est très facile, mes chéries," wai abu ne mai sauƙi. Da hannun dama abin ya ƙi sam. A makaranta da rula aka raba ni da hagu, har na manta ni bahago ne. Da na mayar da kwarashin hagu sai zaren ya fara jin magana.

Amma bidiyon bai san ƙirar Rahama ba. Dole na ja layinta na ƙarshe a hankali don in ga inda zaren ya shiga da inda ya fita. Ban gane ba, na ja na biyu. Layi biyu ne kawai, zan mayar da su yadda suke.

Maƙwabciya ta buga ƙofa, wai ko jikin ne. Na ce karatu nake.

Juma'a, 20 ga Satumba

Ashe su Haja Haulatu suna da rukuni a WhatsApp, na masu saƙa, Rahama na cikin waɗanda suka kafa shi. Kowace Juma'a kowa na sa hoton inda aikinta ya kai. Firdausi ta ce in na je duba aikin wajen tsohuwar in ɗauko mata hoto ta sa musu, don su ga bargon Maman yana tafiya. Na shimfiɗa shi a kan farin zanin gado, na kawar da tabarau da carbi, na ɗauka.

Da yamma ta turo min abin da suka ce. Har sun raɗa wa matar suna, Madam Togo. Wata ta ce Madam Togo ta matse zare kamar mai fushi da mijinta. Wata ta ce a yi mata uzuri, ƙila ido ne. Ni da nake rubuta "peut mieux faire", wato a ƙara ƙoƙari, da jan biro a littattafan yara, yau ni ake yi wa uzuri.

Laraba, 25 ga Satumba

Ulu ya kusa ƙarewa. Na tsinke ɗan guntu, na sa a jakata ta koyarwa, na tsallaka gada zuwa kasuwar Adjamé. Na bi ta bayan layin 'yan Kano masu atamfa don kada wani ya gan ni. Mai ulun ta samo kalar nan take, ta ce, "Na Madam ne, Papa?" Na ce e. Ta ce a gaishe ta. Na ce za ta ji.

A mota na zauna da jakar a cinya, kamar mai ɗauke da kayan sata.

Juma'a, 27 ga Satumba

Bayan masallaci abokina Alu ya tare ni a bencin mai shayi. Wai kwana biyu ba a ganina, ko amarya na ɓoye a ɗaki. Ya miƙa hannu ya cire wani abu daga kafaɗar rigata, ya ɗaga shi sama yana kallo. Silin ulu ne, ruwan ƙwai. Na ce daga labule ne. Ya ce, "Labulenka kore ne, Metir." Na shanye shayin da zafinsa na tashi.

Hoton yau: an ce Madam Togo ta fara sakin hannu. Na karanta sau da yawa. Abin kunya.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Haja Haulatu ce ta fara gani. Ta rubuta musu cewa Madam Togo bahaguwa ce, a duba, mafitanta sun karkata wani gefe, na Rahama wani gefe. Na ɗauko bargon na kai bakin taga. Gaskiya ce. Daga inda na karɓa layukan sun juya baya, kamar mutum biyu da suka kwana gado ɗaya ba sa magana. Nata sakakku, nawa a ɗaure, har bargon ya tsuke a tsakiya.

Ban ci abincin rana ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na warware nawa duka. Na ƙara da nata kaɗan, wajen tafin hannu, don in ga yadda take juyawa a baki. Zaren da ya fito daga nata a murɗe yake, ya riƙe siffar da ta ba shi. Na naɗe shi da sauri.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ruwa tun safe, lungu ya cika. Na yi aiki da hasken ƙofa tunda ba mai fitowa.

Na ga wani abu. Can ƙasa, kusa da farkon bargon, akwai inda ta tsallake mafici ɗaya. Rami ne, babban yatsana yana shiga. Rahama da ba ta kuskure. Na rufe shi da hannu, na ci gaba. Idona yana komawa wurin.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na naɗe ƙasan kafin in ɗauki hoton, don kada matan nan su ga ramin su yi da ita.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na yi tunanin abin tsaf. Zaren nata ne. Ƙirar tata ce, yanzu na haddace ta. In na sauka har ramin na gyara, na hau da hannu ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ba karkata, ba tsukewa, ba wanda zai nuna bargon Rahama ranar suna ya ce ga kuskure. Rufin asirinta ne, ba nawa ba.

Na ja zaren bayan Azahar. Ban san abin yana sauri haka ba. Aikin da ta yi makonni tana yi ya zube kafin a kira La'asar. Da na kai ramin, abin da ya rage a ƙasansa bai fi faɗin yatsa biyu ba, kuma shi ma zai karkata daban. Na ja shi.

Abin da Haja ta ce za ta yi ke nan. Amma ni aƙalla na gida ne.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ba hoto yau. Na ce wa Firdausi Madam Togo ta tafi jana'iza Lome. Ta ce, "Papa, lokaci fa." Muryarta ta yi ƙasa. Na ce ta kwantar da hankalinta.

Talata, 22 ga Oktoba

Daga Asuba zuwa Azahar, daga La'asar zuwa Magariba. Wuyana ya sandare, yatsana ya yi kanta. Wani lokaci sai in farga na daɗe ban tuna da kowa ba, har Direkta. Ko haka take ji, duk shekarun da nake zaune gefe ina karanta tsohuwar jarida ina tsaki? Ban taɓa tambayarta ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Hoto ya tafi, daga sama kawai na ɗauka. An yi ta yabo. Wata ta nemi lambar Madam Togo, tana da jika a hanya.

Da yamma Haja Haulatu ta zo da kanta, da kwanon aceke, dambun rogon nan, da kifi. Ba ta shiga ba, daga bakin ƙofa ta tsaya tana kallon hannuna na hagu. Ta ce, "Ka gaya wa Madam Togo ta riƙa shafa man kaɗanya a yatsan nan." Na ce zan gaya mata. Ta juya za ta tafi, sai ta ce, "Ba ta dai taɓa na ƙasan ba ko?" Na ce kifin ya yi kyau. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Yako, Metir," irin yadda ake ce wa wanda aka yi wa rasuwa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Firdausi ta sauka lafiya. Mace. Alhamdu lillahi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

An gama. Na wanke, na shanya a cikin ɗaki. Ba kuskure ko ɗaya, na duba layi-layi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Suna, a gidan Firdausi a Saint-Michel, cikin Adjamé. Yarinya ta ci sunan Rahama, za a riƙa kiranta Ummi.

Kafin mata su cika gidan na shiga ɗakin Firdausi na miƙa mata. Ta shimfiɗa shi a gado, ta shafa, ta ce ya yi kyau. Sai ta koma ƙasan tana bin sa da yatsa, daga wannan baki zuwa wancan. Ta juya shi ta sake bi.

"Papa, ina ramin?"

Na ce wane rami. Ta ce a asibiti Maman ta yi wurin, ranar da aka fara sa mata ruwa. Tana saƙa barci ya ɗauke ta, da ta farka ta ci gaba ba ta lura ba. Da Firdausi ta nuna mata sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce a bar shi, jaririn zai samu inda zai riƙa zura yatsa. Firdausi ta ce dariyarta ta ƙarshe ke nan da ta ji. Ta ce tun watan Satumba wurin take jira ta nuna wa yarinyar in ta girma.

Ina ina ranar? Na tuna. Ina waje ina gardama da mai gadi a kan yadda aka rubuta sanarwar bakin ƙofa.

Na ce, "Na gyara shi."

Ta ce, "Kai?"

Na ce babu Madam Togo.

Ta kalli hannuna, ta kalli bargon. Ta tambaye ni daga ina zuwa ina ne na Maman. Ta ɗauki Ummi ta naɗe ta a ciki, ta gyara bakin a ƙarƙashin haɓarta, ta fita wajen mata. Na ji suna ta ma sha Allah, aikin Rahama ba ya ɓuya. Ta bar su a haka.

Ban tsaya cin abinci ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na kira, ba ta ɗauka ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Shekaranjiya ta turo hoton Ummi tana barci a cikin bargon, ba rubutu. Jiya kuma layi ɗaya: "Hulunan da aka kawo duk sun yi mata yawa, Papa."

Akwai ragowar ulu. Ɗakin ya yi zafi da yawa, shi ya sa na fito da kujera bakin ƙofa, ba don komai ba. Alu ya zo wucewa, ya tsaya, ya buɗe baki. Na ce in zai zauna ya zauna, in ba haka ba ya matsa min daga haske. Ya zauna. Har ya riƙe min ƙwallon zaren, yana ta cewa ba zai gaya wa kowa ba, wato kafin Magariba duk Biafra ta ji.

Hular ta kai rabi. Na tura wa Firdausi hoton tunda Juma'a ce. Hannuna ya fito a ciki, da kwarashin. Na gani kafin in tura. Ta tambaya ko ta sa wa matan, na ce ita ta sani.

Yara sun taso daga makaranta sun wuce ta gabanmu, ina cikin juya layi, ban ɗaga kai ba.

Bargon yana Adjamé. Zaren na Rahama ne, ƙirar ma tata. Saƙarta babu ko layi ɗaya.