Kujerar Baba Kumai

Kafanchan, 4 ga Maris

Baba Kumai,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jiki? Yaya Mama da dukan mutanen Zangon Kataf? 'Yarka Faustina ta ce hannun dama ya fara motsi amma magana har yanzu da wuya, shi ya sa na bar kiran waya na ɗauki biro. Sai ta karanta maka a hankali, ba sai ka wahala da amsa ba.

Na dawo gida gaba ɗaya, ni da matata Milka da 'yarmu Miriyam. Likita a Legas ya ce gwiwar nan ba za ta ƙara ɗaukar minti casa'in ba. Na yi kuka, na share hawaye.

Tun da ciwo ya kwantar da kai, kujerarka ta kocin ƙungiyar kwaleji babu kowa a kai. Mataimakinka Malam Zubair ne ke riƙe da yaran, hukuma kuma ta ce za ta naɗa sabon koci kafin gasar kwalejoji ta watan Mayu. Baba, garin nan ba shi da wata hira sai wannan. A gidan kallon ƙwallo, ranar Lahadi bayan sujada, har aka kashe talabijin saboda gardama. Wasu sun ce Zubair ya yi shekara goma sha biyar a bayanka, yana da satifiket, ya san kowane yaro. Wasu sun ce wanda ya ci ƙwallo ashirin da biyu a kaka ɗaya, wato ni, ba ya bukatar takarda. Wani tela ya ce iya bugawa daban, iya koyarwa daban, aka yi masa dariya, amma na riƙe maganarsa.

Ba zan ɓoye maka ba, ina son aikin. Idan 'yan okada suka danna hon suna kiran sunana, daɗi nake ji. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Meshak, shugaban magoya baya, ya kama hannuna ya ce filin nan namu ne, bai kamata usur ya koma hannun wasu ba. Na tambaye shi su wa yake nufi, sai ya yi murmushi kawai. Zubair fa a garin nan aka haife shi, shi ne ya ɗaure mini idon sahu da hannunsa ranar wasana na farko.

Ka gaida Mama. Ubangiji ya ƙara sauƙi.

Ɗanka a filin wasa,
Kaleb

Kafanchan, 27 ga Maris

Baba,

Barka da hutawa. Ina fata sanyin safiya ba ya damun ƙafar. Mu muna lafiya a jiki.

Na yi abin kunya, kai kaɗai zan iya faɗa wa. Ranar Asabar yaranmu sun buga wasan sada zumunta da wata ƙungiya daga Kauru, aka ci mu uku ba ko ɗaya. Ina zaune cikin 'yan kallo. Tun kafin a tashi aka fara jifan bencin Zubair da ledojin ruwa, daga baya aka haɗa da duwatsu ƙanana. Bai motsa ba, ruwa na ɗiga daga hularsa. Sai na ji an ɗaga ni sama, an ɗora ni a kafaɗa ana zagaya fili da ni ana waƙa. Zan iya cewa a sauke ni, Baba. Ban ce ba. Muka wuce ta gabansa, ya ɗago ya dube ni, ni kuwa na kalli wani wuri.

Kafin yamma labari ya cika wayoyi cewa golanmu Hammawa, ɗan aji biyu, Bafulatani kamar Zubair, da gangan ya bar ƙwallayen suka shiga, wai da haɗin bakin Zubair. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da Zubair zai samu idan aka ci ƙungiyarsa. Ni na kalli wasan, masu tsaron baya ne suka yi barci. An yanka tayoyin mashin ɗin Zubair duka biyu. Matarsa Amina, mai suyar awara a ƙofar kwaleji, ta yi kwana uku tana komawa gida da kayanta, ba mai tsayawa.

Ranar Talata da la'asar Zubair ya zo gidana da ƙafa. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a dakali. Ya miƙo mini littafin da yake rubuta bayanin 'yan wasa: wanda ke da asma, wanda ba ya karyawa kafin ya zo fili, wanda ba a yi masa tsawa a gaban mutane. Ya ce in nemi aikin, ba zai ji haushi ba. Roƙonsa ɗaya ne. Ya ce, “Kaleb, ka zo fili ranar Alhamis ka tsaya kusa da ni minti goma kawai, su gani da idonsu.”

Na ce zan zo. Ranar Alhamis na sa takalmi, na kai har shataletale, na hango Meshak da mutanensa a bakin hanya, sai na juya na shiga shagon aski. Da na koma gida Milka ta ajiye abinci ta fita.

Ka yi mini addu'a.

Naka,
Kaleb

Kafanchan, 2 ga Mayu

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Mama. Na ga layi biyun da ka sa Faustina ta rubuto. Na karanta su sau da yawa, kuma ka yi gaskiya.

An ba ni aikin. Ranar da takarda ta fito, 'yan okada sun yi jerin gwano har garin Gidan Waya suka dawo. Washegari Zubair ya ɗora kayansa a bayan a-kori-kura ya kai iyalinsa Kauru. Na je gidan na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na kira shi sau shida kafin ya ɗauka. Ya yi mini murna, ya ce in kula da kafaɗar Hammawa ta hagu, ya kashe.

A tirenin na farko yara huɗu ba su zo ba, duk Musulmi. Na bi su ɗaki ɗaki. Uku sun ce karatu ya yi musu yawa. Hammawa ya buɗe ƙofa da kumburi a gefen ido, ya ce faɗuwa ya yi. Na zauna a kan katifarsa na faɗa masa abin da ban faɗa wa Zubair ba, cewa na san shi Hammawa bai sayar da wasa ba, kuma na yi shiru don ina son kujera. Sai ya ɗauko safar hannunsa ta gola.

Jiya da safe Meshak ya same ni a fili ya ba ni takarda a ninke. Sunaye goma sha ɗaya ne na waɗanda za su fara wasan Asabar, babu Hammawa a ciki. Na ce ni ne koci. Ya ce haka ne, kuma bai manta waɗanda suka ɗauke ni a kafaɗa ba, yana fata ni ma ban manta ba. Cikin fara'a ya yi maganar, har ya kakkaɓe mini ƙura a riga.

Na rubuta nawa sunayen, Hammawa ne na farko. Na tura Milka da Miriyam wurin gwaggon Milka a wani ƙauye, ban faɗa wa kowa sunansa ba, ko Fasto.

Ubangiji ya tsare mu duka.

Kaleb

Kafanchan, 5 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Da fatan kun yi sujada lafiya.

Mun ci ɗaya da nema. Saura minti huɗu a tashi alƙali ya ba abokan karawarmu fenariti, Hammawa ya yi tsalle ta hagu, kan kafaɗar mai ciwo, ya ture ƙwallon waje. Na yi shekara goma sha huɗu ina buga wasa, ban taɓa jin fili ya yi shiru haka ba. Wasu ɗalibai 'yan mata suka fara tafi, suka duba gefe da gefe, suka daina. Telan nan ne kaɗai ya ci gaba. Da aka hura usur yaran suka rungumi golansu, dukansu, wannan ya sanyaya mini zuciya. Mutane kuwa suka watse kamar an tashi daga jana'iza.

Na raka Hammawa har ɗakinsa, 'yan wasa biyu suka ce za su riƙa kwana tare da shi. Ina fitowa ƙofar kwaleji na ga Meshak zaune a kan mashin, shi kaɗai. Ya ba ni hannu ya ce barka da nasara. Sannan ya ce in na yi waya da Madam in gaishe ta, ya ji hanyar ƙauyen ta lalace tun ruwan farko, kuma ƙaramar tana son wasa a bakin rafi, a riƙa lura da ita. Ya faɗi sunan ƙauyen, Baba. Ya faɗi sunan gwaggon.

Na kai maganar wurin Fasto da shugaban kwaleji. Dukansu sun ce ai gaisuwa ce.

Gobe da sassafe zan je in ɗauko su. Ina roƙon ka da Mama ku karɓe su a Zangon Kataf har gasar ta ƙare. Ba za su dame ku ba, Milka ma za ta taya Faustina jinya. Idan kun yarda, Faustina ta kira ni sau ɗaya ta kashe, kada ta rubuta komai. Akwai wasa ranar Laraba, kuma sunan Hammawa zan sake rubutawa a farko.

Ka huta lafiya. Ubangiji ya kai mu.

Ɗanka,
Kaleb