Kujerar Jakar Mudir

Laraba, 26 ga Oktoba, 2005. Al Qusais, a ƙasar Larabawa.



A sito muka sha ruwa yau, don kwantena ta makara. Mun shimfiɗa jarida mun zuba dabino, sai Baba Issoufou, dattijon Damagaram da muke ɗaurin kaya tare, ya nuna hoton wata tsohuwa baƙar fata. Shi Faransanci ya iya, ya ce in karanto masa. Ba'amurkiya ce, shekaranjiya ta rasu. Tun da daɗewa ta ƙi tashi ta bar wa wani Bature kujera a bas, daga nan wariyar launin fata ta fara rushewa a ƙasarsu. Ɗinki ma take yi, ba wata mai mulki ba ce. Baba ya ce, "Ikon Allah! Zama kawai?"

Da muka shiga motar kamfani, babu wuri. Baba na tsaye da ciwon gwiwarsa, ga jakar mudir, shugabanmu, ta cinye kujera guda kamar kullum. Wata takwas ina kallonta ina haɗiye magana. Na ɗauke ta na miƙa wa mai ita, na ce, "Baba, zauna." Ga shi kuwa bizata a hannun mudir take.

Mudir ya dube ni, ya dubi furfurar Baba, ya ɗora jakarsa a cinya. Ya ce wa direba, "Yalla, mu tafi."

Shi ke nan fa! Ashe wata takwas tsoron jaka nake yi.